Rundunar da Ta Ajiye Bindiga: Jarumta, Ragwanta da Haƙƙin Kare Kai

A tsakiyar tsohon birnin Peshawar, wanda yake cikin ƙasar Pakistan a yau, akwai kasuwar da ake kira Qissa Khwani. Tun zamanin ayarin raƙuma fatake daga Kabul da Bukhara suke yada zango a wurin, su sha shayi, su saurari masu ba da labari. Ranar 23 ga Afrilu, 1930, kasuwar ta cika ta batse, amma ba ciniki ne ya tara jama'a ba. A wannan rana 'yan sandan mulkin mallaka sun kama shugabannin gwagwarmayar neman 'yanci na birnin, sun kuma tare jagoran Pashtunawa, Khan Abdul Ghaffar Khan, a kan hanya sun tafi da shi. Mutane suka fito nuna ƙin yarda, ba su riƙe da makami.

Motoci masu sulke suka kutsa cikin taron suka tattake mutane. Masu son labarin ya fito fes sukan tsallake abin da ya biyo baya, amma ya faru: ran jama'a ya ɓaci, an yi jifa, an banka wa mota guda wuta, wani sojan Ingila da ke kan babur ya rasa ransa a cikin turmutsitsin. Daga nan aka ba da umarnin buɗe wuta, aka shafe sa'o'i ana harbi. Shaidun da suka yi magana a gaban kwamitin bincike na jam'iyyar Congress mai neman 'yancin Indiya, wanda Vithalbhai Patel ya shugabanta, sun ce idan na gaba suka faɗi sai na baya su matso su tsaya a gurbinsu, ƙirji a buɗe. Gwamnati ta ce kimanin mutum 20 aka kashe. 'Yan gwagwarmaya sun ce mamatan sun haura 200, wasu ma sun kai lissafin 400. Turawa sun haramta rahoton kwamitin.

A cikin wannan hargitsi wasu sojoji daga rundunar Garhwal, 'yan asalin tsaunukan Himalaya kuma mabiya addinin Hindu, suka ƙi bin umarnin fuskantar taron Musulmin da ba su da makami. Jagoransu shi ne Chandra Singh. An kwance musu ɗamara, an gurfanar da su a kotun soja, an yanke musu ɗauri mai tsawo. Fiye da mako guda birnin Peshawar ya suɓuce daga hannun Turawa.

Abin da ya girgiza masu mulki shi ne irin mutanen da suka tsaya a gaban bindiga ba su rama ba. Pashtunawa ne, al'ummar da daular Ingila ta shafe shekaru da dama tana gwabzawa da ita a kan iyakar Afganistan ba ta iya lanƙwasa ta ba. A al'adarsu ɗaukar fansa, wato badal, wajibi ne da ɗa yake gada daga ubansa. Jinin da aka zubar yau, jika zai iya biyansa bayan shekara hamsin. Gaba tsakanin 'ya'yan wa da ƙane a kan gona ko gado sananniyar aba ce a wurinsu. Namijin da aka ci wa mutunci bai rama ba, ba shi da bakin magana a taron dattawa. Turawa sun san wannan, sun kuma yi musu doka ta musamman a 1901 wadda ta ba da damar hukunta dangi ko ƙauye gaba ɗaya saboda laifin mutum guda. Sun saba da Bapashtune mai harbi daga bayan dutse, sun san maganinsa. Wanda ya tsaya ya kalle su ido cikin ido hannu sake, shi ne ba su da dabarar da za su yi masa.

Mutumin da ya sauya su

An haifi Abdul Ghaffar Khan a 1890 a garin Utmanzai, ɗan wani mai filaye da ake girmamawa. Dogo ne ƙaƙƙarfa, irin mutumin da ba a tsammanin zai kauce wa faɗa. Yana ɗan shekara 20 ya buɗe makaranta a garinsu, domin ya yi imani jahilci da gabar cikin gida su ne igiyar da aka ɗaure mutanensa da ita kafin Bature ya zo ya ja. Ya zaga ɗaruruwan ƙauyuka yana zama da manoma, har suka laƙaba masa Badshah Khan, sarkin sarakunansu. A 1929 ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar, masu hidima don Allah.

Bai kafa ta a matsayin majalisar wa'azi ba. Runduna ya kafa, mai muƙaman soja, da fareti, da ganguna, da tuta, da jajayen riguna da suka sa Turawa suke kiransu 'yan jar riga. Abu guda kawai ya cire, shi ne makami. Duk mai shiga sai ya yi rantsuwa: zai yi wa bayin Allah hidima saboda Allah, ba zai kai wa kowa hannu ba, ba zai ɗauki fansa ba, zai yafe wa wanda ya zalunce shi, ba zai tsoma kansa cikin gabar dangi ba, zai kuma riƙa ba da wani ɓangare na lokacinsa kullum ga aikin gayya. Suna share tituna, suna gina makarantu, suna sasanta masu gaba. Akan ƙiyasta yawansu ya kai 100,000, har da mata.

Gwamnati ta gwada duk hanyar da za ta tunzura su su ɗaga hannu. An yi musu bulala, an ƙone gidaje da amfanin gona, an jefa su cikin ruwan sanyi a tsakiyar hunturu. Mafi muni, an riƙa tuɓe su tsirara a bainar jama'a, domin an san Bapashtune ya fi son mutuwa da wannan tozarci. Dalilin a bayyane yake. Da mutum ɗaya zai harbi jami'i ɗaya, da an samu hujjar aika runduna a baje yankin, duniya kuma ba za ta ce uffan ba. Mukulika Banerjee, malamar nazarin al'umma da ta zauna da tsofaffin 'yan ƙungiyar a shekarun 1990, ta tarar ba sa kallon abin da suka jure a matsayin wulaƙanci. Suna ba da labarin dukan da suka sha da ɗaurin da aka yi musu da irin alfaharin da kakanninsu suke ba da labarin yaƙi.

A ganina wannan ne babban aikin Badshah Khan, kuma shi ya sa labarinsa ya cancanci a san shi a nan. Mutanensa sun taso da imanin cewa jarumta da ramuwa abu ɗaya ne, in ka saki ɗaya ka saki ɗayan. Shi kuwa sai ya raba su. Ya karɓe ramuwa daga hannunsu, ya bar musu jarumtarsu cif, har ma ya ɗora musu wata mai nauyi fiye da ta da. Mai harbi yana da dutsen da zai laɓe a bayansa da begen ya riga abokin gaba. Wanda ya tsaya a Qissa Khwani ba shi da ko ɗaya.

Kuma bai je wani wuri aro ba. Ana yawan kiransa Gandhin kan iyaka, ana kwatanta shi da Gandhi, jagoran gwagwarmayar 'yancin Indiya, amma shi ya sha faɗin cewa daga Alƙur'ani da rayuwar Annabi (SAW) ya samo tafarkinsa, musamman shekara 13 na Makka. Makamin da ya ce zai ba mutanensa shi ne haƙuri da gaskiya. Duk wanda ya karanta sira ya san waɗanda suka jure azabar Makka ba ragwaye ba ne. A cikinsu akwai Hamza da Umar, mazajen da Ƙuraishawa ke shakka. Akwai Sumayya da mijinta Yasir da suka mutu a ƙarƙashin azaba ba su saki imaninsu ba, akwai Bilal da aka danne da dutse a cikin zafin rana. An hana su ɗaga takobi, suka yi biyayya, kuma waɗanda suka rayu cikinsu ne suka tsaya a Badar da izini ya sauka.

Gandhi da mutanen Bettiah

Mutane da yawa sun ɗauka Gandhi yana koyar da cewa in an zo kashe ka ka naɗe hannu. Ba haka ya ce ba. A watan Agustan 1920 ya rubuta a jaridarsa Young India cewa in har zaɓi ya rage tsakanin ragwanta da amfani da ƙarfi, to shi ƙarfin zai ba da shawara. Ya kawo misali daga gidansa. A 1908, a Johannesburg, wani mutum mai suna Mir Alam, wanda shi ma Bapashtune ne, ya yi masa dukan kawo wuƙa saboda yana ganin ya sayar da Indiyawa a sulhun da ya yi da Janar Smuts, wakilin gwamnatin Turawan can. Daga baya babban ɗansa ya tambaye shi: da ina wurin, me ya kamata in yi, in gudu in bar ka ko in kare ka da ƙarfina? Gandhi ya amsa masa cewa wajibinsa ne ya kare mahaifinsa ko da duka ne. Shi kansa kuwa ya ƙi neman a hukunta Mir Alam, wanda ya yi nadama daga baya.

Akwai wani labari da ya fi wannan zafi. A wani ƙauye kusa da Bettiah, a jihar Bihar, 'yan sanda sun shiga suna wawashe gidaje suna cin zarafin mata, mazan garin suka tsere. Da aka tambaye su, sai suka ce ai Gandhi ne ya hana su faɗa. Da labarin ya iske shi ya ce kunya ta rufe shi. Abin da yake nema a gare su shi ne su tsaya tsakanin azzalumi da iyalinsu, su karɓi dukan a jikinsu har mutuwa ba tare da sun rama ba. In ba za su iya wannan ba, to su yi faɗa. Gudu ne kaɗai bai yarda da shi ba. Ya taɓa kwatanta abin da ɓera da kyanwa: ɓeran da kyanwa ta kama ba za a ce ya yafe mata ba, domin ba shi da ikon yin komai. Yafiya ta mai iko ce.

Saboda haka matakai uku ne a wurinsa. Na sama shi ne ka tsaya ba ka gudu ba, ba ka kuma kai hannu ba. Na tsakiya shi ne ka tsaya ka yi faɗa don kare wanda ke ƙarƙashinka. Na ƙasa shi ne ka bar amanarka ka tsira da ranka, ka kuma kira abin da ka yi son zaman lafiya. Wannan ne ya sa ya riƙa yaba Pashtunawa fiye da sauran mabiyansa. Ya san da yawa daga cikin masu binsa sun rungumi tafarkin ne don ba su da bindiga, ranar da suka samu dama za su nuna. Ya gani a Chauri Chaura a Fabrairun 1922, inda masu zanga-zanga suka ƙone ofishin 'yan sanda, mutum 22 suka mutu, abin da ya sa ya dakatar da gwagwarmayar ƙasa baki ɗaya a lokacin da take kan ganiyarta. Pashtunawa kuwa suna da bindigar, sun iya ta, suka ajiye da gangan.

Inda tafarkin ya tsaya

Ƙin kai hannu dabara ce mai aiki, ba kyan hali kawai ba. Erica Chenoweth da Maria Stephan sun nazarci gwagwarmaya 323 da aka yi tsakanin 1900 da 2006, suka tarar waɗanda ba su ɗauki makami ba sun yi nasara a kashi 53 cikin ɗari, masu makami kuwa kashi 26. Dalilin yana cikin abin da sojojin Garhwal suka yi. Gwamnati ba ta da hannu sai hannun sojanta da ɗan sandanta da ma'aikacinta. Idan ka harbe su sai su dunƙule. Idan ka tsaya gabansu ba makami, wasu daga cikinsu za su fara tambayar kansu, kuma ranar da suka ƙi bin umarni mulki ya fara tsagewa.

Amma wannan yana buƙatar abokin hamayya mai fuskar da yake gudun ta ɓaci, mai majalisa da jaridu a gida, mai sojan da zuciyarsa za ta iya karaya. A Nuwamban 1938 Gandhi ya shawarci Yahudawan Jamus su fuskanci Hitler da irin wannan tafarki. Masanin falsafa Martin Buber, wanda ya baro Jamus a wannan shekarar, ya mayar masa da martani cewa bai san irin mulkin da yake magana a kai ba, mulkin da ke ɓatar da mutum ba wanda zai ji labarin shahadarsa. Buber ne ke da gaskiya. Ina girmama Gandhi, amma a nan ya auna Jamus da ma'aunin Ingila, kuma kuskure ne babba.

Su ma 'yan jar riga sun ɗanɗani wannan iyaka. Badshah Khan ya ƙi amincewa da raba Indiya, ya kuma ji cewa jam'iyyar Congress ta yashe su da ta yarda da rabuwar a 1947. Ranar 12 ga Agusta, 1948, a Babrra da ke yankin Charsadda, jami'an sabuwar ƙasar Pakistan suka buɗe wa taronsu wuta. Hukuma ta ce mutum 15 suka mutu, 'yan ƙungiyar suka ce ɗaruruwa ne. Wannan karon masu harbin 'yan'uwansu Musulmi ne, kuma duniya ba ta waiwayo ba. Aka haramta ƙungiyar. Shi kansa ya kwashe fiye da shekara 25 na rayuwarsa a kurkukun Turawa da na Pakistan. Ya rasu a Peshawar a Janairun 1988, aka binne shi a Jalalabad kamar yadda ya yi wasiyya, kuma ɓangarorin da ke yaƙi a Afganistan suka tsagaita wuta don a yi jana'izarsa. Ko a gidansa ba kowa ne ya bi shi har ƙarshe ba: a 1947 ɗansa Ghani Khan ya kafa ƙungiyar matasa masu makami don su kare tarukan mahaifinsa.

Irin wannan ya faru a Amurka. Bayan an jefa bam a gidan Martin Luther King, jagoran neman haƙƙin baƙaƙen fata, a Montgomery ranar 30 ga Janairu, 1956, ya nemi lasisin riƙe bindiga aka hana shi, daga baya ya fitar da makamai daga gidansa da kansa. Duk da haka, a jihar Louisiana baƙaƙen fata, yawancinsu tsofaffin sojoji, sun kafa ƙungiyar Deacons for Defense and Justice a 1964. Da rana masu zanga-zanga suna fita ba makami, da dare waɗannan suna gadin gidajen da suke kwana don kada 'yan Ku Klux Klan, masu tsananin ƙin baƙaƙen fata, su ƙone su. Gadi suke yi, ba su bi farare gida-gida suna ramuwa ba. King bai taɓa cewa mutum ba shi da haƙƙin kare iyalinsa a cikin gidansa ba. Abin da ya ƙi shi ne a mai da bindiga hanyar gwagwarmaya.

Tambayar da ke gabanmu

Wannan muhawara ba ta littafi ba ce ga mutumin Zamfara ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi. A Fabrairun 2021, bayan sace ɗaliban Kagara a jihar Neja, ministan tsaro na lokacin, Bashir Magashi, ya gaya wa 'yan jarida cewa bai kamata mutane su zama matsorata ba, wani lokaci 'yan bindigar harsashi kaɗan suke zuwa da shi, da sun harba kowa ya watse. Bayan wasu watanni gwamnan Katsina Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga.

Maganar ragwanta a bakin mai mulki tana da ɗaci, kuma ba ta da kama da maganar Gandhi ga mutanen Bettiah. Gandhi yana magana ne da mutanen da ya yi gwagwarmaya tare da su. Manomin da babura hamsin suka dira ƙauyensa da tsakar dare, kowane babur da mutum biyu ko uku riƙe da AK-47, in ya saɓa 'ya'yansa ya ja matarsa suka shige dawa, bai yi ragwanta ba. Ya tsere da amanarsa ne, bai tsere ya bar ta ba, kuma a nan bambancin yake. Annabi Musa (AS) ya fita daga Masar cikin tsoro, Musulmin farko sun yi hijira zuwa Habasha, babu wanda ya kira su ragwaye. Idan ana neman wanda ya bar amanarsa, sai a fara duba wanda aka damƙa wa kuɗin tsaro da sojoji da jiragen yaƙi.

Haka kuma ba wanda zai gaya wa wannan manomi ya buɗe ƙirji gaban ɗan bindigar daji yana jiran zuciyarsa ta karaya. Tafarkin Qissa Khwani an yi shi ne don fuskantar hukuma da rana tsaka a gaban shaidu. Ɓarawon da ya zo sace 'yarka ba shi da majalisar da za ta tuhume shi. Shari'ar Musulunci ta ba da damar tunkuɗe mai kawo hari, kuma hadisi ingantacce ya sanya wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa ko jininsa cikin shahidai. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya ma ya amince da amfani da ƙarfin da ya dace don kare mutum daga harin da ba bisa doka ba. Matasan Maiduguri da suka tashi a 2013 da gora da adda suka kori 'yan Boko Haram daga unguwanninsu sun yi abin da tarihi zai yaba, ko da yake su ma an zarge su da wuce iyaka daga baya.

Wuce iyakar nan ita ce ciwonmu, kuma a nan ne darasin Badshah Khan ya shafe mu kai tsaye. Malaman fiƙihu da suka halatta tunkuɗe mahari sun kewaye halaccin da sharuɗɗa. A fara da mafi sauƙin abin da zai hana shi: in tsawa za ta kore shi ba a kai ga sanda, in sanda za ta isa ba a kai ga kisa. In ya juya ya gudu, haƙƙin kare kai ya ƙare, abin da ya rage na alƙali ne. Ba a taɓa ɗan'uwansa ko matarsa ko ɗan ƙabilarsa, domin ba mai ɗaukar laifin wani. Duk wanda ya bi tarihin rikicin arewa maso yamma ya san yadda aka tattake waɗannan sharuɗɗa. An kai hari ƙauye da dare, gari ya waye 'yan sa-kai ba su iya shiga daji inda masu bindiga suke ba, sai su tare kasuwa su kama Bafulatanin da ya kawo akuyarsa, ko su ƙone rugar da ba kowa sai mata da tsofaffi. 'Yan'uwan wanda aka kashe su shiga daji, su dawo su afka wa manoman da ba su ji ba ba su gani ba. Kowane ɓangare yana cewa kare kai yake yi. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma mun ga zafin, ya cinye garuruwa.

Mutum ashirin da suka taru a kan mutum ɗaya marar makami ba jarumta suka yi ba, ko da an kashe musu 'yan'uwa jiya. Sun ji tsoron mai ƙarfi ne suka huce a kan marar ƙarfi. Mu da kanmu mun san ɗacin wannan. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga da gungun jama'a suka tare mafarauta da ke kan hanyarsu ta komawa Kano yin Sallah, suka kashe 16 daga cikinsu, wai suna kare garinsu daga masu garkuwa da mutane. Idan abin da aka yi a Uromi zalunci ne, kuma zalunci ne, to sunansa bai canja ba idan mu muka yi shi a kasuwar ƙauyenmu.

Muna kuma da namu misalin matakin sama. Ranar 23 ga Yuni, 2018, mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato. Limamin Nghar Yelwa, Malam Abdullahi Abubakar, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe wa maƙwabtansa Kirista da ke gudu ƙofa, ya sa mata a gidansa, maza a masallaci, mutum 262. Da maharan suka iso suka ce ya fito da su, ya tsaya a gabansu ya ƙi, ya roƙe su, har ya ce in dole sai an kashe wani to a fara da shi. Suka juya suka tafi. Ba shi da ko sanda, kuma da ya kauce ba wanda zai zarge shi. Ba kowa Allah ya ba irin wannan zuciya ba, kuma ba adalci ba ne a wajabta ta a kan kowa. Amma mutanen da ya tserar sun fi waɗanda bindigar toka goma za ta iya tserarwa a wannan rana.

Yanzu jihohi sun fara mai da aikin sa-kai na hukuma. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawanta a farkon 2024. Ana sanar da yawan babura da motoci da bindigogin da aka raba musu. Abin da ya kamata jama'a su matsa a gaya musu shi ne wace rantsuwa waɗannan matasa suka yi, wa yake koya musu inda haƙƙinsu ya tsaya, ina suke kai wanda suka kama, kuma wace kotu ce za ta hukunta wanda ya kashe marar laifi a cikinsu. Da yawansu an kashe musu uba ko wa, ko an sace musu ƙanwa, kuma ba a zargin mutum don zuciyarsa tana tafasa. Badshah Khan ya yi aiki da mutanen da ke ɗauke da irin wannan bashin jini. Kafin ya tura su gaban Bature sai da ya shafe shekaru yana bi ƙauye-ƙauye, kuma ba ya karɓar mutum cikin rundunarsa sai ya je ya sasanta da abokin gabarsa. Limamai da hakimai da arɗo-arɗo na yankunanmu suna da ikon yin wannan aiki a cikin kowace rundunar da ake kafawa, kuma ya kamata a ba su gurbinsa tun ranar ɗaukar matasan, kafin a miƙa musu bindiga.